Zaman Dattawa A Ƙetaren Kogin Kaduna

 

Duk falken da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ko Zariya ya nufi Abuja da su ya san Gonin Gora, gama ita ce ƙofar Kaduna ta kudu, cikin ƙasar Chikun, a bakin babbar hanya. Sai dai sanin da yawancin mutanen arewacin kogi suka yi mata sani ne na tagar mota. In an iso, direba yakan ƙara wuta, fasinja ya ja carbi, hira ta tsaya, ba ta komawa sai an bar gidajen a baya. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, za a zo kansa nan gaba. Amma akwai waɗansu mutane a wurin, da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda mai wucewa da gudu ba ya gani, su ne tsofaffi, da ɗan taron da suke yi a tsakaninsu. Hanyar nan dai ita ce mai kai mutum Majalisar Dattawa ta Abuja, inda ake zama bisa kujeru masu laushi. Wannan kuwa da za a yi magana a kanta majalisar benci ce da tabarma, ba albashi, ba ɗan sanda a ƙofa, amma dattawanta na gaske ne, furfura ce ta zaɓe su.

Tilas a fara da sanin ko su wane ne. Ƙasar asalinta ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna nan kuwa har yau da gonakinsu da sarautarsu. Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, babbar mahaɗar jirgin ƙasa kuma tana kudancin kogi. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, Allah ya jiƙansa, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, tana saƙa akoko da audugar ƙasar nan. Waɗansu masaƙu suka biyo baya cikin shekarun 1960, irin su Arewa Textiles da UNTL, sa'an nan kamfanin haɗa motar Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Samari suka yi ta kwarara daga ko'ina: Bahaushe daga Katsina, Banufe daga Bida, Babarbare daga Borno, Bajju da Atyap da Jaba daga kudancin lardin Zazzau, Tibi da Idoma daga Binuwai. Jiniya ɗaya ke tashinsu, aikin safe da na rana da na dare, ƙurar auduga ɗaya suke shaƙa. Gidan haya guda a Kakuri ko Makera ko Nasarawa ko Tirkaniya yakan haɗa mai alwala da mai zuwa coci, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Harshen Hausa shi ne na kowa, har Kiristan ma da Hausa yakan yi addu'arsa, don tun 1932 aka gama juya musu littafinsu cikin wannan harshe. Wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya sayi fili can gefe inda ƙasa take da araha, ta haka Gonin Gora da Unguwar Romi da Sabon Tasha suka yi ta cika. Saurayin da ya shiga masaƙa a 1975 yana ɗan shekara 20, yau ya kai 70. Su ne dattawan da ake nufi.

Masifa biyu suka auka wa waɗannan bayin Allah kusan lokaci guda. Ta farko ta jini ce. A watan Fabrairu na 2000 gari ya kama da wuta kan maganar shari'a, ya sake kamawa a watan Mayu, sa'an nan a Nuwamba na 2002, da Afrilu na 2011 bayan zaɓe. A watan Yuni na 2012, da aka kai wa waɗansu coci-coci hari da bam a Zariya da Kaduna, sai aka tare hanya a Gonin Gora aka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kamar yadda a waɗansu ranaku aka kashe Kiristoci a unguwannin arewa ba su ci ba, ba su sha ba. Ba ɓangaren da bai binne nasa ba, ba kuma ɓangaren da zai ɗaga hannu ya ce fari ne. Musulmi da yawa suka kwashe suka haura Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristocin can suka gangaro kudu, har musayar gida aka yi, wannan ya shiga na wancan. Kogin da Allah ya yi don sha da wanka ya koma iyaka.

Ta biyu ta ciki ce. A 2002 ɗin nan dai masaƙar Kaduna Textiles ta rufe, ma'aikata suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga kwabo ba. Sauran masaƙun suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ma ta tsaya a 2007, saboda rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da yadin waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. 'Yan Kantin Kwari ba sa bukatar a ba su wannan labari, gama a gabansu dila ta daina zuwa daga Kaduna ta koma zuwa daga ƙasar Sin.

To, mutumin da aka raba shi da aikinsa da maƙwabcinsa a shekara guda, 'ya'yansa kuwa sun watse neman abinci, me ya rage masa in ba tsofaffin abokai ba? Daga nan ne waɗannan tarurruka suka ƙara ƙarfi. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsofaffin ma'aikata da 'yan fansho, akwai na 'yan gari ɗaya, akwai na maza a coci da Zumuntar Mata, akwai kuma majalisar ƙofar masallaci a wurare irin Makera da Nasarawa da Kakuri, inda Musulmi suka saura. Amma tsarinsu kusan guda ne. Akan yi shugaba, da magatakarda mai riƙe littafi, da ma'aji. Akan zauna sau ɗaya a wata, a ajin makaranta, ko gindin mangwaro, ko zauren wani daga cikinsu. Dā akan kai dare ana hira, yanzu kuwa mai hankali tun la'asar sakaliya yake neman gida, don masu satar mutane sun addabi ƙasar Chikun, har cikin Gonin Gora sun shiga sun kwashi mutane a 2024.

Abin da ya fi kome muhimmanci a zaman, alhali kuwa shi ne wanda mai kallo zai raina, kiran suna ne. Magatakarda ya buɗe littafi ya kira, kowa ya amsa. Wanda bai amsa ba sai a tambaya, wa ya gan shi cikin makon nan? In ba wanda ya gan shi, a tashi mutum biyu su je su dubo. Mai karatu ya auna wannan da kyau. Tsohon da matarsa ta rasu, hawan jini ya kama shi, ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi hazo, zai iya kwana uku a ɗaki ba wanda ya ɗaga labulensa. Ba hukuma a ƙasar nan da take da takardar da za ta gaya mata cewa wane bai fito ba tun ran Talata. Littafin nan mai yagaggen bango shi kaɗai ne ya sani.

Bayan kiran suna sai zubi. Kowa ya ba da ɗan abin da aka yanka na wata, mai adashi ya karɓi kwasarsa, a ware na magani, a ware na ranar da ba makawa, watau likkafani ga Musulmi, akwati ga Kirista. Sa'an nan a duba ko akwai sha'ani cikin watan: wane zai aurar da jikarsa, wane an yi masa haihuwa, wane yana kwance a asibiti. A sa waɗanda za su wakilci taro da ɗan gudummawa a ambulan. In akwai rigima, iyakar fili ce ko bashin haya ko auren 'ya'ya da ke tangal-tangal, a nan akan kashe ta tun ba ta kai gaban alƙali ba. Sauran lokaci na goro ne da dara da gardama kan abin da rediyo ya faɗa, da tuna zamanin aiki: faɗan Turawan Ingila na Kaduna Textiles, ƙa'idar Japanawan Arewa Textiles, ƙididdigar 'yan Sin na UNTL, kowa yana rantsuwa masaƙarsa ce ta fi. Labarin nan an ba da shi sau ɗari, amma har yau ana dariya a wurin da aka saba yi. Ƙarshen shekara kuma in asusu ya yi saura a dafa shinkafa a ci tare.

Mutuwa kuwa ita ce take ƙetarar da su kogi. Tsohon masaƙi ya rasu a Rigasa, labari ya kai wa abokin aikinsa a Gonin Gora ta waya, sai ya ɗauki sandarsa, ya shiga mota biyu ko uku, ya iso ya zauna bisa tabarma ƙarƙashin rumfar makoki, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Samarin unguwa su yi ta kallonsa, tsofaffi kuwa su tashi su kama hannunsa, su kira shi da sunan barkwancin da aka sa masa a bakin na'ura. Haka nan in abin ya juya. Akwai gidajen da har yau kwanon tuwon Salla yake gangarawa kudu, na shinkafar Kirsimeti ya hauro arewa. Ran da gari ya ɓaci kuma, wayar nan ce take fara bugawa: kada ka biyo ta nan yau, ka gaya wa yaranka su juya.

Waɗansu malamai suna ƙyamar wannan zama, ba kuwa za a ce ba su da abin riƙewa ko kaɗan ba. Sukan ce zaman majalisa zaman cin naman mutane ne, wanda ƙafarsa ɗaya ke kabari ya fi dacewa da carbi. Gaskiya ne gulma haramun ce, amma ai har a sahun masallaci akan yi ta, ba kuwa a taɓa cewa a rushe masallaci ba, mai gulmar ake kwaɓa. Taron da ake gai da mara lafiya, a sayi likkafani, a sulhunta masu husuma, ai nauyin da ke kan al'umma duka yake saukewa, in ba a yi ba kowa ya yi laifi.

Sukan ce kuma ƙungiyar tsofaffi al'adar Turawa ce, kula da tsoho a Musulunci aikin 'ya'yansa ne. Lalle aikinsu ne, wanda ya karanta Suratul Isra'i ya san nauyin abin. To, amma ɗan yana Fatakwal ko Ikko yana faman neman na koko, kuɗin da zai turo ta waya ba za su ɗaga uban daga ƙasa ba in ya zame a banɗaki. Zancen Turawa kuwa, malamai su tuna da 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Jajis ɗinta mata ne manya, ta naɗa su da malfa, suna jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa neman ilmi, suna komawa suna koyarwa suna hidimar jama'a. Ba daga Ingila ta samo wannan ba. Alƙali Abu Yusuf kuma ya kawo a littafinsa na Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude makaho yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali, don bai ga adalci ba a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Wanda ya ji wannan ya tuna da masaƙan Kakuri, ya san inda zancen ya dosa.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, watau cuɗanya da wanda ba Musulmi ba. A nan sai a yi hankali, a raba abin da shari'a ta raba. Musulmi ba ya shiga ibadar wani addini, ba ya zama inda ƙwaryar burkutu take zagayawa, ba ya sa kuɗinsa cikin asusun da ke ba da bashi da ruwa. In taro ya kai nan, sai ya yi sallama ya tashi, abokan kirki kuwa sun san haka tun zamanin masaƙa, ba sa miƙa masa abin da ba ya ci. Amma gaisuwa da kyautatawa da maƙwabtaka, aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarsu ga duk wanda bai yaƙe ka ba, bai kore ka daga gidanka ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je gai da wani yaro Bayahude da ke masa hidima sa'ad da ya kwanta ciwo. Ya kuma halarci ƙawancen taimakon wanda aka zalunta da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, bayan aike kuma ya yabe shi. Malamai sun yi saɓani kan lafazin da za a yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya da shi, ɗalibi ya tambayi malaminsa, wannan gyaran baki ne, ba hana tafiya ba ne. Malikiyya sun karhanta a ba shi naman layya, to, ai tuwo da miyar taushe ba layya ba ne.

Wani zai ce, ai ayar da kanta ta cire waɗanda suka kore ku daga gidajenku, mutanen nan kuwa sun kore mu. A tambaye shi, wane ne ya kore ka? Tsohon nan da ya ɓoye maƙwabcinsa a ƙuryar ɗaki har soja suka zo, shi ma ya kore ka? A kowace tarzoma da aka yi a Kaduna an sami irinsa, ta nan da ta can. Ɗora wa mutum laifin wani don sunansu ya yi kama, shi ne fa ainihin abin da aka yi wa matafiyan 2012.

Ga inda abin tsoro yake. Yaron da aka haifa a Rigasa a shekara ta 2000 yau ya isa aure, mai yiwuwa ne kuwa bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba. Tsaransa na Gonin Gora shi ma abin da ya sani game da Bahaushe, jita-jita ce da hoton waya. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda dā suka ja daga da juna, har Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa, sun haɗu a 1995 sun kafa cibiyar sulhu, duniya ta san su, sun kuwa cancanta. Amma mutum biyu da ofis ba za su riƙe gari ba. Abin da ya rage na sanin juna a tsakanin gaɓar nan biyu yana cikin ƙirjin tsofaffin nan ne, waɗanda suka san sunan 'ya'yan juna. Ko wace jana'iza zare ɗaya ne ya tsinke, masaƙar da za ta ƙulla sabo kuwa an rufe ta. Magatakarda yana ja wa sunaye layi, ba ya rubuta sababbi.

Gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi, aka sa mata hannu a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 1 ga Oktoba ranar tsofaffi, sai ta faɗa daidai da ranar samun mulkin kai, kiɗan fareti ya danne ta. Allah ya sa alheri. Amma wanda ya ce zai jira wannan ya iso gindin mangwaro, jiran gawon shanu zai yi.

Abin da ke hannun masu karanta wannan shafi ya fi kusa. Malamin allo in ya ji wani tsoho a unguwarsa zai ƙetare kogi gaisuwar mutuwa, ya haɗa shi da babban almajirinsa ya riƙe masa hannu, tsohon ya sami mataimaki, yaron ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ya kamata ma ya zama ƙa'ida, kowane dattijo ya je da jika, don abota ta sami magaji. Ɗalibin da hannunsa ya faɗa a ajami ya zauna da su ya rubuta wa ya zauna a wane gida, wa ya ceci wa, tun masu faɗa suna da rai. Mai kantin magani ya aiko yaronsa da abin awon jini ran zama. Attajirai su sani zakka tana da masu ita, tsofaffin Musulmi matalauta na Makera da Nasarawa suna cikinsu, sadaka kuwa faɗinta ya wuce nan, tana isa ga duk mai rai. Sai dai a yi nesa da 'yan siyasa, gama taron da aka saba masa da buhun shinkafa mai hoton ɗan takara, daga ran nan ya daina kiran suna ya koma kiran rabo.

Su dattawan ma akwai nasu. Girman da ake nema musu yana da farashi. Ran da jita-jita ta tashi samari suka fara jan taya zuwa bakin titi, wajibi ne a ga farar furfura a gabansu tun kafin soja su iso, na Gonin Gora a bakin tasu hanya, na Rigasa da Tudun Wada a bakin tasu. Falken da ke bin hanyar nan da dukiyarsa da ransa yana da haƙƙin ya tambayi wannan, kamar yadda mai zuwa asibiti ko kasuwa daga kudu yake da haƙƙin tambaya.

Fatake masu motoci kuwa, abin da ake roƙonsu kaɗan ne. Abin da ke hana yawancin tsofaffin nan ƙetarewa yanzu kuɗin mota ne, tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 2023. Mai bas ya ware kujera huɗu ran da aka yi rasuwa, ko mai kanti ya ɗauki nauyin zuwa da dawowar mutum biyu. Wanda bai san inda zai kai ba, ya tambayi limamin unguwarsu wane tsoho ne a sahun gaba ya yi aikin masaƙa, shi zai nuna masa mai littafin.